Ba ido, ba hanci: ta yaya bakteriya ke gano inda abinci yake?

Wata ɗaliba mai koyon aikin ɗakin gwaje-gwajen asibiti ta rubuto tana cewa: "Malam, barka da aiki. A aji mun tsira allura mai ɗauke da bakteriyar E. coli a tsakiyar farantin aga mai laushi (aga wani abu ne mai daskarewa kamar kamu da ake renon bakteriya a kai), muka ajiye shi a ɗumi. Bayan wasu awanni sai ga zobba sun fito daga inda muka tsira, wani na bin wani, suna ta faɗaɗa. An ce mana wai abinci suke bi. To halittar da ƙwaya ɗaya ce tal, ba ido, ba hanci, ba ƙwaƙwalwa, ta yaya za ta san inda abinci yake har ta nufe shi?"

Barka kadai, 'yata. Na ji daɗin da ba ki karɓi "abinci suke bi" kin yi shiru ba, domin wannan tambayar taki ta cinye wa wasu manyan masana rayuwarsu ta aiki gaba ɗaya. Amsar a taƙaice ita ce: ƙwayar ba ta san inda abincin yake ba. Ba ta san gabas ba, ba ta san yamma ba, ba ta kuma iya juyawa da gangan ta fuskanci wani waje. Tambaya ɗaya kawai take iya yi wa kanta, tana ta maimaita ta dare da rana: yanzu ya fi ɗazu? In ya fi, sai ta ƙara miƙewa a hanyar da take kai. In bai fi ba, sai ta wuntsila ta kama duk hanyar da ta faɗa. Daga wannan ɗan abin ne zobban farantinki suka fito. Masana suna kiran wannan ɗabi'a kemotaksis, wato motsawa saboda wani sinadari, ko a nufe shi ko a guje masa.

Kafin ki yarda da wannan, sai kin fara shiga duniyarta. Tsawon E. coli wajen maikromita 2 ne, maikromita kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. In aka jera su kai da gindi, sai an samu kamar 500 kafin su cika milimita guda. A wannan ƙanƙanta ruwa ba ya zama ruwa kamar yadda muka san shi. Mai kwale-kwale in ya tsayar da tuƙi, jirginsa zai ci gaba da sulalawa na ɗan lokaci saboda nauyinsa. Bakteriya ba ta da nauyin da zai ɗauke ta. A wajenta ruwa ya fi zuma kauri da danƙo. Da zarar injinta ya tsaya ta tsaya cak, tazarar da za ta sulala ba ta kai faɗin ƙwayar zarra ɗaya ba. Edward Purcell, masanin kimiyyar fiziks a Jami'ar Harvard ta Amurka, ya fayyace wannan a 1977, ya kuma nuna cewa a irin wannan kauri duk motsin da ake yi gaba a dawo baya iri ɗaya, kamar buɗe hannu da rufewa, ba ya kai mai yin sa ko'ina. Abin da ya ci a tafiya shi zai mayar a dawowa. Mai son ci gaba a cikin zuma sai ya yi motsi irin na murɗa kusa a cikin katako.

Haka kuwa take yi. A jikin E. coli akwai zare sirara, galibi huɗu zuwa shida, da suke tsirowa nan da can. Kowanne ya ninka jikinta tsawo sau da dama, kuma a murɗe yake kamar sifirin. Sunansa filajela, asalin kalmar bulala take nufi, kuma an daɗe ana zaton kaɗa shi take yi kamar bulala. A 1973 Howard Berg da Robert Anderson suka kawo hujjar cewa juyawa yake yi kamar farfela. A 1974 Michael Silverman da Melvin Simon suka nuna abin ƙuru-ƙuru: suka manne zare ɗaya a jikin gilashi yadda ba zai iya motsi ba, sai ga jikin ƙwayar gaba ɗaya yana katantanwa a kansa. Ba yadda za a yi bulala mai kaɗawa ta haifar da haka. A gindin kowane zare akwai inji na gaskiya a dashe cikin fatar ƙwayar, mai sashen da ke juyawa da sashen da ke tsaye, faɗinsa bai wuce nanomita 50 ba, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na maikromita. Abin da ke tuƙa shi ƙwayoyin haidurojin ne masu caji, waɗanda ƙwayar ke turawa waje sa'ad da take ƙona abinci, su kuma su kwararo ciki ta cikin injin, kamar yadda ruwan madatsar Kainji ke juya injinan wuta a hanyarsa ta gangarowa. Zaren kan yi juyi wajen 100 a sakan, wato 6,000 a minti. Ƙaramin janaretan gida 3,000 yake yi. Na daɗe ina koyar da wannan darasi, amma har yau in na zo nan sai na ce tsarki ya tabbata ga Mahalicci.

Injin nan yana iya juyawa ta ɓangare biyu, kuma duk dabarar a nan take. In ka tsaya a ƙarshen zaren kana kallon jikin ƙwayar, ka ga dukkan injinan suna juyawa akasin hannun agogo, zarurrukan sukan haɗu su nannaɗe su zama igiya ɗaya a bayanta, su tura ta gaba. Wannan shi ne gudu. Takan ci maikromita 20 zuwa 30 a sakan, fiye da tsawon jikinta sau goma. Mutum da zai yi haka da ya kai gudun mota a cikin gari. In kuwa inji ɗaya ko fiye ya juya ta bin hannun agogo, zarensa sai ya fice daga igiyar, igiyar ta warware, ƙwayar ta yi ta wuntsilawa a wuri ɗaya. Da injin ya koma yadda yake, igiyar ta sake haɗuwa, sai ta miƙe duk inda kanta ya fuskanta. Ba ita ta zaɓi wajen ba.

Berg ne ya auna wannan da idonsa. Ƙwayar tana da saurin ɓacewa daga idon madubin ƙara girma, sai ya ƙera madubi mai bin ƙwaya ɗaya tak duk inda ta yi, sama ko ƙasa, yana rubuta hanyarta. A 1972, shi da Douglas Brown, a Jami'ar Colorado, suka buga sakamakon. In ruwan daidai yake ko'ina, gudu kan ɗauki kamar sakan ɗaya, wuntsilawa kamar kashi ɗaya cikin goma na sakan, sannan sabon gudu. Hanyar ta zama zane mai karye-karye marar alƙibla. Da suka sa sinadarin da take so yana ƙaruwa ta gefe guda, sai suka ga abu ɗaya ne ya canza: gudun da ya dace da wajen da sinadarin ya fi yawa ya ƙara tsawo. Wanda ya nufi baya kuwa kusan yadda yake ya zauna. Kusurwar juyawa ba ta koma wajen abinci ba, wuntsilawa ce kawai ta jinkirta. Ki ɗauki taku ɗari, waɗanda suka yi gabas sun ɗan fi waɗanda suka yi yamma tsawo, ƙarshenta a gabas za ki tsinci kanki ko da ba ki taɓa nufar gabas ba.

Za ki ce, to me ya hana ta kwatanta abin da kanta ke ji da abin da gindinta ke ji, kamar yadda muke gane inda sauti ya fito da kunnuwa biyu? Gajartarta ce. Bambancin yawan sinadari tsakanin wurare biyu da maikromita 2 kawai ya raba ɗan ƙarami ne ƙwarai, ga shi ƙwayoyin sinadarin ba sa zuwa a jere, zuwan yayyafi suke yi, wani lokaci da yawa wani lokaci kaɗan. Ɗan bambancin sai ya nutse a cikin wannan hargitsi. Amma in ta yi gudu na 'yan sakanni ta ci tazarar da ta ninka jikinta sau talatin ko arba'in, sai ta kwatanta nan da can ta hanyar kwatanta yanzu da ɗazu. Robert Macnab da Daniel Koshland suka tabbatar da haka a Berkeley ta Kalifoniya, su ma a 1972, da Salmonella, wata bakteriya 'yar'uwar E. coli. Suka ƙera abin da ke gauraya ƙwayoyin da ruwa mai sinadarin a cikin ƙiftawar ido, yadda yawansa zai zama daidai a ko'ina, ba gaba ba baya. Da ta wurin kai da gindi suke ganewa, da ba abin da zai faru. Sai ga shi duk sun daina wuntsilawa, sun yi ta gudu miƙe na wasu mintuna, sannan a hankali suka koma ɗabi'arsu ta da. Da aka yi akasin haka, aka jefa su ruwan da sinadarin ya ragu, sai suka ruɗe da wuntsilawa na ɗan gajeren lokaci. Ashe canji suke ji, kuma wanda ke jin canji dole ya riƙe abin da ya wuce.

Ki kwatanta da wanda ya fito cikin dare, an ɗauke wuta, hazo ya rufe gari, ƙamshin tsire na zuwa masa amma bai ga wutar mai tsiren ba. Ya yi taku biyar, ya ji ƙamshin ya ƙaru, ya ci gaba. Ya ji ya ragu, ya juya wani wajen ba tare da ya san ko daidai ne ba. Zai yi yawo, zai ɓata taku, amma zai isa.

Tunawar tata gajeriya ce: tana auna sakan ɗayan da ya wuce da kamar sakan ukun da suka gabace shi. Berg da abokan aikinsa suka auna wannan a 1986. Ni a ganina nan ne abin ya fi ban mamaki, domin tsawon nan ya dace da halin da take ciki kamar an gwada. Ƙwayoyin ruwa suna ta bugun jikinta ta ko'ina, har ta kai ko ba ta wuntsila ba, cikin sakan goma hanyarta ta karkace da kusan digiri 90. Labarin abin da ta ji sakan ashirin da suka wuce labarin wata hanya ce da ta riga ta bari, riƙe shi sai dai ya ɓatar da ita. In kuma tunawar ta gaza sakan ɗaya, ba za ta ƙirga ƙwayoyin sinadari isassu da za ta bambance ƙaruwa ta gaskiya da yayyafin da na faɗa ba. Tsakanin waɗannan iyakoki biyu take zaune.

Yanzu da me take ɗanɗanawa? Tarihin nan ya faro da nisa. A farkon shekarun 1880 Theodor Engelmann ya ga bakteriya na taruwa inda iskar oksijin take, har ya yi amfani da su ya gano launin hasken da ganyen ruwa ya fi sarrafawa: ya haska zaren gansakuka da hasken da aka rarraba launi-launi, ƙwayoyin suka yi cincirindo a wajen ja da shuɗi. Wilhelm Pfeffer a Jamus, a 1884, ya tsoma siririn bututun gilashi mai ɗauke da abin gina jiki a cikin ruwansu, suka yi ta shiga ciki. Daga nan batun ya kwanta shekaru masu yawa, mutane suna ɗauka cewa ai ƙwayar ta ci ne ta ji ƙarfi, shi ya sa take taruwa a wurin. Julius Adler na Jami'ar Wisconsin ya rushe wannan zato a 1969. Ya samo E. coli da lahanin gado ya hana ta narkar da sukarin galaktos, amma ta bi shi. Ya ba ta fukos, sukari mai kama da galaktos wanda ba ta iya amfana da shi, shi ma ta bi shi. Ya kuma nuna akwai abubuwan da take ci ta girma da su amma ba sa jan ta ko kaɗan. Wato ɗanɗano daban, ci daban, kamar yadda ƙamshin miya ke jan mutum tun bai kai loma baki ba.

Maɗanɗanan nata furotin ne da suka ratsa fatarta ta ciki, kansu a waje, jelarsu a ciki. E. coli tana da iri biyar. Biyu sun fi yawa: Tsr mai jin sirin da Tar mai jin asfatet, dukansu amino asid ne, tubalan da ake gina furotin da su. Trg na jin wasu nau'o'in sukari, Tap na jin guntayen furotin, Aer kuwa yana lura da yadda numfashin ƙwayar ke tafiya, ta haka take neman oksijin. Su ne kuma ke jin abin gudu, irin su nikel da tsami mai yawa. Ba a warwatse suke ba, dubbai ne a cunkushe wuri guda, galibi a ƙarshen ƙwayar, a jere kamar saƙar zuma. Wannan cunkoso yana da amfani: in ɗaya ya kama ƙwayar sinadari, maƙwabtansa ma sukan canza tare da shi, sai ƙaramin saƙo ya zama babba. An auna an ga ɗan canji a yawan maɗanɗanan da suka kama abu yakan ninku fiye da sau talatin kafin ya wuce gaba.

Daga maɗanɗana zuwa inji, saƙon na bin hannun furotin kaɗan, duk sunansu na farawa da Che. A jelar maɗanɗanan akwai CheA, wanda CheW ke riƙe da shi a wurin. Aikin CheA shi ne ya ɗora wa wani ɗan ƙaramin furotin mai suna CheY tambarin fosfet. CheY mai tambari ɗan aike ne: yakan yi yawo cikin ƙwayar har ya isa gindin inji, ya manne, injin ya juya ta bin hannun agogo, ƙwayar ta wuntsila. Akwai kuma CheZ da ba shi da aiki sai goge tambarin, don haka saƙo ba ya daɗewa, dole a riƙa sabunta shi. To in maɗanɗanan suka kama abinci fiye da ɗazu, sai su sa CheA ya lafa. 'Yan aike masu tambari su ragu, injinan su zauna a juyin gudu, ƙwayar ta miƙe. Duk wannan cikin ƙasa da sakan ɗaya. Ki lura, abinci ba ya cewa "zo nan". Abin da yake yi kawai shi ne ya hana a ce "juya".

In da a nan aka tsaya, da dabarar ta lalace. Ƙwayar da ta shiga wuri mai abinci za ta yi ta gudu ba tsayawa har ta fice ta ɗaya gefen, kuma ba za ta taɓa gane wurin da ya fi wannan ba. Sai an mayar da ma'aunin sifili. Kin ga mai awo a kasuwa in ya ɗora kwano a sikeli, yakan mayar da allurar sifili kafin ya zuba kaya, don nauyin kwanon kada ya shiga lissafi. Furotin biyu ke wannan aikin. CheR yana liƙa wa jelar maɗanɗanan wasu ƙananan alamomi da ake kira metil, a hankali, ba ya fasawa. Kowane maɗanɗani yana da gurabe huɗu zuwa biyar na karɓar su. CheB yana cire su, amma ba ya ƙwazo sai CheA ya ɗora masa tambari shi ma. Yawan metil kuwa yana zuga CheA. To duba yadda abin ke zagayowa: abinci ya ƙaru, CheA ya lafa, CheB ya rasa tambari ya rage cirewa, CheR na ci gaba da liƙawa, metil ya taru, CheA ya farfaɗo ya koma matsayinsa na farko duk da abincin na nan. Ƙwayar ta koma gudu da wuntsilawa kamar ba abin da ya faru, a shirye ta ji ƙari na gaba. Yawan metil ɗin shi ne "ɗazu", abin da maɗanɗanan suka kama shi ne "yanzu", kuma da yake liƙa metil ya fi kamun sinadari jinkiri, kullum akwai 'yar tazara tsakaninsu. Wannan tazarar ita ce tunawar da na ambata ɗazu. Ke ma hancinki haka yake: kin shiga ɗakin da aka turara turaren wuta ya buge ki, bayan ɗan zama kin daina ji, sai an ƙara wani a kasko. Da wannan dabara E. coli ke iya jin ƙari ko a ruwan da abincinsa ya ninka na wani sau dubu ɗari.

Hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce ta ƙwayoyin da aka cire wa furotin ɗaya. Wadda ba ta da CheY gudu kawai take yi, ba ta wuntsilawa. Wadda ba ta da CheZ wuntsilawa kawai take yi. Wadda aka cire wa CheR da CheB tana gudu tana wuntsilawa, tana ma jin canji, amma ba ta iya mayar da sikelinta sifili. Dukansu injinansu lafiya lau, kuma ba wadda ke yin zobba irin naki.

Mu dawo kan farantin. Agan da aka saba zubawa kashi 1.5 cikin ɗari ne, ya yi tauri, ƙwayoyin a samansa suke zama. Naku kamar kashi 0.3 ne, yana da ƙananan hanyoyin ruwa da za su iya iyo a ciki. Da kuka zuba shi abincin daidai yake ko'ina, ba wajen da ya fi wani. Su ƙwayoyin ne suka haifar da bambancin da kansu: suka hayayyafa a inda kuka tsira, suka cinye sirin ɗin da ke wurin, sai ya zamana waje ya fi ciki. Waɗanda ke baki suka bi shi, suna tafe suna cinyewa, bayansu fayau, gabansu cike, don haka ba su da dalilin tsayawa. Zoben farko ke nan. Waɗanda aka bari a baya ba su tarar da sirin ba, sai suka koma kan asfatet, suka yi nasu zoben. In agan na tirifton ne, wani abincin renon bakteriya, har zobe na uku akan gani a ƙasansa, na masu bin tiriyonin, shi ma amino asid ne. Adler ya bayyana irin waɗannan zobba tun 1966. Ba shugaba a cikinsu, ba wadda ta kira wata. Kowace tana amsa tambayarta ita kaɗai.

Kada ki ɗauka kowace bakteriya E. coli ce. Ita aka fi nazari, shi ya sa littattafai suka cika da ita. Bacillus subtilis, wadda ke kan gaba wajen ruɓar da kalwa ta zama daddawa, tana da kusan furotin iri ɗaya amma lissafinta a juye yake: a wajenta abinci zuga CheA yake yi, CheY mai tambari kuma gudu yake sawa. Sakamakon dai ɗaya ne. Dangin Vibrio, waɗanda ƙwayar kwalara ke cikinsu, zare ɗaya gare su a ƙarshe, injinsu da sodiyam yake aiki, an taɓa auna na wata daga cikinsu yana juyi 1,700 a sakan. Mai zare ɗaya ba ta da igiyar da za ta warware, don haka an ga wasunsu na teku suna yin gaba, su ja da baya, sannan zaren ya fizge gefe su canza hanya. In Allah ya kai ki aiki lokacin ɓarkewar kwalara, za ki ga wannan saurin da idonki a ɗigon bayan gida mai kama da ruwan wankin shinkafa: suna harbawa kamar kibiya, ba irin tafiyar E. coli ba.

Akwai kuma waɗanda ba sa iyo ko kaɗan, irin su Klebsiella da Shigella da ƙwayar tarin fuka, kuma suna rayuwarsu. Ƙera zare da inji yana cin ƙarfi da kayan gini masu yawa. Ita kanta E. coli in ta samu gulukos a wadace takan rage ƙera su, ta fi zuba jari a kansu sa'ad da abinci ya yi ƙaranci. Wannan bambancin shi kuke amfani da shi a benci: bututun aga mai laushi ke raba muku E. coli da Klebsiella, ya raba Salmonella da Shigella. Haka harafin H da kike gani a takardar gwajin Widal na taifot, zaren nan ne ake nufi, ana neman garkuwar da jiki ya yi wa furotin ɗinsa. O kuwa na bangon jikin ƙwayar ne.

Inda abin ya shafi lafiya kai tsaye, misalin da na fi so shi ne Helicobacter pylori, mai haddasa yawancin gyambon ciki, wadda gano ta ya ba Barry Marshall da Robin Warren na Ostireliya kyautar Nobel a 2005. Tsamin tumbi zai iya halaka ta in ta daɗe a tsakiyarsa. Da maɗanɗananta take gudun tsami tana bin sinadaran da ke fitowa daga bangon tumbi, ciki har da yuriya, har ta nutse cikin majinar da ke lulluɓe da bangon, inda tsamin ya yi sauƙi. A gwajin dabbobi, waɗanda aka lalata wa wannan ji ba sa kama wuri kamar lafiyayyu.

A gona ma yana nan. Ki tuge gyaɗa ko wake ki duba saiwar, za ki ga ƙananan ƙulalai, in kin fasa mai aiki cikinsa ja-ja ne. Bakteriya ce a ciki, dangin raizobiya, tana kamo naitirojin daga iska tana ba shukar, shi ya sa gonar da aka yi wake ko gyaɗa take yi wa gero da dawa kyau a shekara ta gaba. Saiwa tana zubar da sukari da amino asid a ƙasar da ke kewaye da ita, ƙwayoyin kuma suna bin wannan tudun ɗanɗano su iso gare ta. Sai dai tafiyar gajeriya ce, ta milimitoci ce zuwa 'yan santimitoci, kuma sai da danshi, domin a cikin siririn ruwan da ke jikin ƙwayoyin ƙasa suke iyo. Ƙasa in ta bushe sun maƙale. Dalilin ke nan da ake shafa wa irin waken suya maganin raizobiya a jikinsa kafin shuka maimakon a watsa shi a gona a ce su nemo hanya.

In za ku sake gwajin, ga abin da zan so ki yi. Ki zuba faranti ɗaya mai laushi, ki tsira E. coli a gefe guda, Klebsiella a ɗaya gefen, da allura daban-daban da aka ƙona. Kada ki kifa farantin kamar yadda aka saba, agan zai zube, kuma kada ki girgiza shi. Daga awa na huɗu ki riƙa ɗora rula a ƙarƙashinsa kowace awa kina rubuta faɗin zoben waje, ki ɗaga shi a gaban baƙin ƙyalle da haske ta gefe don zobban ciki su fito. Klebsiella za ta yi kauri a inda kika tsira ta ba ta gusa ba. Faɗin zoben E. coli kuwa, in kin zana shi a takardar giraf, bayan 'yan awannin farko zai hau kusan a miƙe, kowace awa ƙari kusan iri ɗaya. Abin da ke bazuwa da kansa kawai, kamar ɗigon shuni a ruwa, yakan fara da sauri ya yi ta raguwa. In kin samu lambobin ki turo mini su, mu duba tare.